Takalmin Hukuma da Zanen Ƙwarya

Shekarar da kogi ya shigo mana gari a Katagum, abin da na fara lura da shi shi ne ruwa ya tafi da kulle. Lokacin Turawa na nan, ni kuma ina goyon ɗana na fari. Ruwa ya zauna a unguwarmu kamar baƙon da bai san sallama ba, katangu suka jiƙa suka yi ta zubewa. Da ya janye sai ga mu matan unguwa a fili, kowa na kallon tukunyar kowa. Maƙwabciyar da na daɗe ina jin muryarta ta bayan katanga, ina zaton wata gabjejiya ce, ashe 'yar firit ce, muryar ce kawai Allah ya ba ta. Daga bakin murhuna kuwa ina hango kududdufin bayan unguwa sarai, inda magina ke kwaɓa ƙasa.

Maigidana magini ne. Ba shi ne sarkin magina ba, amma wajen kwaɓa ƙasa ko sarkin yana sara masa. Yadda suke yi, a haƙo ƙasa a gefen kududdufi, a kwarara mata ruwa, a watsa ciyawa, sannan maza su naɗe wando su shiga da ƙafa su yi ta tattakawa har ta yi danƙo. Wannan aiki ya bar masa faso a dugadugai, irin wanda za ka iya ɓoye ƙwayar gero a ciki. Amma daga idon sawu zuwa sama, Malam ɗan ƙwalisa ne na ƙarshe. Rigarsa ta Juma'a ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba. Yana da aminin da suka taso tare, shi ma magini, gidansu na kallon namu. Mutanen nan biyu suna ƙaunar juna, amma ba abin da ba sa gasa a kai. In wannan ya sayi hula, wancan ba zai yi barci ba sai ya samo wadda ta fi ta tsawo.

To gari ya rushe, kowa na neman magini. Tun ƙasa ba ta tsane ba suka faɗa kududdufi, shi kuwa a shekarar ya cika ya batse, ya kwashe duk ƙazantar gari. Ɓeraye ma ruwa ya kore su daga ramukansu, suka hau rumbuna da rufin ɗakuna, suna yawo da rana tsaka ba kunya ba tsoro.

Ba a jima ba ciwo ya ɓullo. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon kai, sai sha-raɓar mutum ta riƙe, ƙato ya kasa taka ƙasa. Idanu su yi jawur, daga baya su koma rawaya. Muka ce shawara ce, aka shiga jiƙa saiwoyi. Wasu suka tashi. Amma wani saurayi cikin masu tattaka ƙasa, wanda ke ɗaukar tulu biyu yana waƙa, fitsarinsa ya ɗauke, aka kai shi makwanci. Wani ya bi shi. Na zauna a bakin murhu ina lissafi da zuciyata, na ga duk waɗanda ciwon ya kayar, ko magina ne ko masu su a fadama. Daga ranar tsoro ya shige ni. In na hango Malam a cikin lakar nan sai in ji abincin ya fita raina.

Sai ga mutanen asibiti daga Azare, da likita da malamansa. Suka duba majinyata, suka zagaya rijiyoyi, suka bar allurai a ɗakin magani. Sanƙira ya bi gari da shela: a tafasa ruwan sha, a rufe abinci, a kashe ɓeraye, duk mai zazzaɓi a kai shi allura tun da wuri, kuma kada wanda ya ƙara shiga ruwan kwance ba takalmi. Jikata da ke aikin jinya ta ce mini sunan ciwon leptospirosis. Na ce ta riƙe abinta, mu a lokacin ciwon fitsarin ɓera muka sani.

Wanda ya kawo mana sunan fitsarin ɓeran nan duba-gari ne, ma'aikacin tsabta da ke leƙa randunan mutane. Babarbare ne, ni kuwa uwata Bafillatana ce, kun ga akwai wasa tsakaninmu. Da ya iso inda ƙofar gidanmu take a da, ya tsaya ya yi sallama kamar akwai zaure. Na ce, "Shigo mana, bawan gidanmu, ko ƙofar ce ta yi maka kaɗan?"

Ya ce, "Ke 'yar Fillo, buɗe randar in gani. Na san ku, ruwan da saniya ta sha ta rage kuke sha."

Ya duba randa bai sami abin kamawa ba, sai ya juya ga Malam da ke zaune yana kankare laka daga ƙafarsa. Nan wasa ya ƙare. Ya ce ɓera ne ke fitsari a ruwa, ciwon ya zauna a ciki, ya shiga jikin mutum ta inda fata ta tsage. Ya nuna fason Malam da sandarsa ya ce, "Malam, wannan ai ƙofa ce a buɗe."

Malam ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Fitsarin ɓera? Ni da jaki ya taɓa harbina a ƙirji na tashi na ci tuwo?"

Ni ban yi dariya ba. Na dubi dugadugan nan na ji kamar in ɗinke su da zare.

Ana nan sai hukuma ta aiko wa magina takalma. Dogaye ne har gwiwa, na roba, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka a jiki. Ba su da yawa, manyan masu tattaka ƙasa kawai aka zaɓa, Malam ya samu, amininsa ya samu. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo mana mafita. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wajen rabon, mai unguwarmu, wanda ba ya iya isar da saƙo sai ya ƙara masa gishiri, ya ce, "Ku sani kayan hukuma ne, aro aka ba ku. Duk wanda ya lalata nasa, shi da alƙali."

Wannan magana ita ta ɓata komai. Ga tsoron alƙali, ga kuma takalmin da ko hakimi ba shi da irinsa. Washegari ina bakin murhu na hango Malam ya nufi kududdufi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yara na bin sa a baya. Ya isa bakin laka. Ya tsaya. Ya zauna a kan tudu, ya cire takalman a hankali, ya hure ƙurar da ke jikinsu, ya rataye su a reshen wata bagaruwa. Sannan ya naɗe wando ya faɗa laka da ƙafarsa tsirara. Amininsa ya zo ya rataye nasa a reshen da ya fi tsawo.

Wallahi na ɗauka idona ne. Na kira matar aminin, na ce zo ki gani. Ta zo ta gani ta ce, "To ai gaskiyarsu, wa zai shiga laka da sabon takalmi?"

Haka aka yi ta yi. Takalman suka je sallar Juma'a, suka je suna, suka je zaman makoki. Sun je kasuwar Gamawa a kan jaki, Malam na riƙe da ƙafafunsa a miƙe don kowa ya gani. Kududdufi ne kawai ba su taɓa shiga ba. In an hango duba-gari tafe, sai su fito da gudu su ɗauraye ƙafa su zura, su tsaya a kan tudu suna nuna wa yara aiki. Shi kuma ya ga takalma a ƙafa ya wuce. Gasa kuwa ta koma kan wanda nasa ya fi ƙyalli. Man gyaɗata da nake tattali saboda miya, rabinsa a jikin takalmin nan ya ƙare.

Na yi magana da lalama. Na ce, "Malam, ba don laka aka ba ku abin nan ba?"

Ya ce, "Ke ba ki san gini ba. Ƙafa ce ke jin ƙasa in ta nuna. Ita ke jin tsakuwa, ita ke jin inda ruwa bai kai ba. In na sa roba, da me zan ji? In yi wa mutane katangar da za ta faɗo wa 'ya'yansu?"

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta fi ba ni haushi. Na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce gemunsa lafiya lau. Na yi kuka, ya ba ni goro. Na yi fushi na daina sa yaji a miya, ya ce miyar ta fi daɗi haka. Na yi tunanin in tsegunta wa Babarbare, sai na ga in ya ƙwace takalmin ya ba wani, na yi biyu babu. A kwanakin nan aka sake fitar da gawa daga unguwar masunta. Na goya ɗana na tsaya ina kallon masu ɗauke da makara, na ce a raina, yaron nan ba zai tashi maraya saboda ƙyallin roba ba.

Sana'ar da na gada wajen uwata zanen ƙwarya ce. Akwai 'yar wuƙa da ake sawa a wuta ta yi ja, a bi bayan ƙwarya da ita a fitar da ado. Hannuna kuwa ba yabon kai ba, ko ƙwarya ta kai ɓawon ƙwai rashin kauri ba na huda ta.

Ran nan aka tashi da yayyafi. Malam ya leƙa waje, ya dubi sama, ya dubi takalmansa, ya ce yau ba za su fita ba, kada ruwa ya taɓa su. Ku ji fa, takalmin ruwa ake ɓoye wa ruwa! Ya naɗe su a tsohon zanena ya tura ƙarƙashin gado, ya fita da ƙafa. Ina jin tafiyarsa ta yi nisa na hura gawayi.

Na fara da na dama. Roba ta yi cuu, wari ya tashi, na ce bismillahi na ci gaba. Na yi masa layi-layi a baki, irin na ƙwaryar amarya. Na sauko na jera haƙoran zarto. A tsakiya na zana zabbi suna bin juna, uwa a gaba 'ya'ya a baya. Na hagu kuwa na yi masa wata da taurari, da 'yan matan Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, har da kitsonsu. Sama-sama nake bi, ban bar wuƙar ta nutse ba. Da na gama na cika su da ruwa na ɗaga, ko ɗigo bai fita ba. Gaskiya ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, har na ji takaicin ba za a kai shi kasuwa ba.

Warin ya jawo matar aminin. Ta leƙo, ta ga abin da ke hannuna, ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Yau kin kashe aurenki."

Na ce, "Gara aure ya mutu da mai auren ya mutu. Wuƙa na da zafi, je ki ɗauko na mijinki."

Ta ja da baya ta ce ita ba ruwanta, mijinta zai iya korarta gidansu a kan takalmin nan. Na lallashe ta, na ce in ya tashi faɗa ta ce ni ce. Ta ƙi. Ta tafi tana waige kamar ni ce ciwon.

Da la'asar Malam ya dawo, ya yi wanka, ya jawo ƙunshinsa don ya shafa musu mai. Ya warware zanen. Ya ɗaga na dama ya juya shi, zabbi suka zagayo. Ya ɗaga na hagu, 'yan mata suka zagayo. Sannan ya ce da wata 'yar murya, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ɓeraye ne, Malam. Ka san bana sun yi yawa."

Kai, ranar na ji faɗan da ban taɓa ji ba, kuma da yake babu katanga duk unguwa ta ji tare da ni. Ya ce na kashe shi. Ya ce gobe alƙali zai aika a tafi da shi, a ɗaure shi a Azare, a ce magini ya mai da kayan hukuma ƙwaryar fura. Ya ce in abokansa suka ga 'yan matan nan a ƙafarsa, ina zai sa kansa? Ya ɗebo toka ya goga, ya ɗebo yashi ya dirza. Ina! Abin da wuta ta rubuta ruwa ba ya wankewa.

Na bari sai da ya gaji ya zauna, sannan na ce, "Ni dai na ga laka tana rufe komai."

Ya dube ni kamar zai cinye ni ɗanya.

Ya rasa yadda zai yi. In ya bar su a gida, duba-gari zai tambaya. In ya rataye su a bagaruwa, duk mai wucewa zai ga zabbi. Da safe na gan shi a bayan ɗaki yana damun laka a tsohon kasko, yana shafe takalman tun daga baki har ƙasa. Ya zura, ya fita. Kafin ya kai kududdufi lakar ta fara bushewa tana zubowa, kan wata zabuwa ya leƙo. Ai kuwa bai tsaya gaisuwa ba, ya zarce da sauri ya faɗa cikin kwaɓin har gwiwa. Ina bakin murhu na yi dariya har ɗana ya farka.

Tun daga ranar takalman nan ba su sake ganin rana ba. Kullum suna cikin laka, kuma shi ne na farkon shiga, na ƙarshen fita. Amininsa ya yi ta yi masa tsiya daga cikin kwaɓin, yana nuna nasa da ke lilo a reshe, yana cewa, "Wasu dai ba su san darajar kaya ba." Malam ya haɗiye. Tun yana ƙorafin ba ya jin ƙasa, har ya koyi sunkuyawa ya ɗebo ta a bakin fartanya ya duba danƙonta. Duba-gari ya zo ya gan shi dumu-dumu, ya yaba masa a gaban jama'a, ya ce kowa ya yi koyi da shi. Wannan yabo ya fi zagi yi masa ciwo. Ni kuwa ya daina yi mini magana. Tuwona yana ci, don fushinsa bai taɓa kaiwa ga tuwo ba, amma sai dai ya gaya wa jaririn abin da yake so: "Gaya wa uwarka a ƙaro miya."

Ban damu ba. Duk yamma in ya cire takalman ina satar kallon ƙafafunsa, in gan su a bushe, in ji sanyi a raina.

Ana cikin haka aminin ya kwana biyu bai fito aiki ba. Aka ce zazzaɓi ne. Malam ya je ya same shi ya ce su tafi ɗakin magani a yi masa allura, aminin ya ce shawara ce kawai, an jiƙa masa saiwa. Da idanunsa suka rine, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, Malam ne ya goya shi a bayansa har ɗakin magani. Malamin asibitin ya yi masa allura, amma ya ce an makara, a nemi mota a kai shi Azare. Kafin a sami motar da za ta iya ratsa hanyar, rai ya yi halinsa.

Na shiga wajen matarsa gaisuwa. Tana zaune a ƙasa, 'ya'yanta sun kewaye ta. A bangon da ya rage a ɗakin, ga takalman nan a rataye, an shafe su da mai, suna ƙyalli kamar ranar da aka kawo su. Ta ga inda nake kallo. Ta kama hannuna ta matse. Na yi kuka a ɗakin nan har na rasa wanda nake yi wa, ita ko mijinta ko tsoron da na daɗe ina ɗauke da shi.

Bayan an share makoki, mai unguwa ya ce a mayar da takalman mamacin a ba wani magini. Wanda aka zaɓa ƙanen mamacin ne, saurayi mai son ado kamar wansa, kuma Malam aka ba ya kai masa. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ga Malam ya shigo da su a hammata. Bai wuce gidan saurayin ba. Ya zo har bakin murhu ya tsaya, ya ajiye su a gabana. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar zabbi. Idanunsa sun kumbura.

Ya ce, "Ina wuƙar taki?"

Na ce, "Tana nan, Malam."

Ya tsuguna da kansa ya jawo gawayi, ya shiga hura mini wuta. Ya ce, "Ki yi musu 'yan matan nan da yawa. Yaron yana da kunya."